Kada ku ba 'yan gwangwan Golf ɗin Baba

Assalamu alaikum ƙanena. Ina gaida Inna da kyau, da Kawu, da iyalinka, da fatan an kai riɗi gida lafiya. Na saurari saƙonka a kan motar marigayi Baba, Golf 3 ɗin nan, cewa 'yan gwangwan sun zo sun yi mata kuɗi, wasu a gida kuma suna ganin a sallama tunda tun damanar ambaliyar 2022 take gindin darbejiya ba ta motsa ba. Ni dai ban amince ba, kuma ba don kewar Baba kaɗai ba. Zamana a Jamus, ƙasar da aka ƙera ta, ya nuna mini cewa tayar da motar nan ya fi sauƙi a wajenku fiye da a nan, muddin an bi ta a hankali.

Abin da ke kashe tsohuwar mota a nan kuɗin hannu ne. A garejoji da yawa sa'a ɗaya ta aikin makanike ta haura Yuro 100, ban da kuɗin kaya. Shi ya sa ba wanda zai zauna ya kwance maka kik ya canza masa burushi, ko ya sake naɗin altaneta, ko ya toshe lagireto. Abu ya lalace, a cire shi gaba ɗaya a sa sabo. Idan gyara ya fi kuɗin motar sai mai ita ya haƙura, dillali ya saye ta da araha, ta nufi tashar jirgin ruwa ta Hambug ko ta Antwaf a Beljiyam. Ta wannan hanyar tamu ta bi har Kwatano kafin Baba ya same ta. Rewayan nan na bakin tashar Ringim da ke zaune a kan benci da kwan fitila da guntun waya yana bin layin wuta ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda ta yanke, wallahi irinsa ya yi ƙaranci a nan, kuma in ka same shi ba kowa ke iya biyansa ba.

Inda suka fi mu shi ne ba sa barin mota ta kai ga lalacewa a ɓoye. Duk shekara biyu dole a kai ta duba, wanda kowa ke kira TÜV. Na tsaya na ga yadda ake yi wa tawa. Ma'aikacin ya hau da ita kan wasu nadi guda biyu ya taka birki, allo ya nuna ƙarfin kamun kowace ƙafa, dama da hagu. Ya ɗaga ta sama ya shiga ƙarƙashi da tocila, yana girgiza tayoyi, yana ƙwanƙwasa ƙarfen gindi da ɗan guduma yana sauraro. Da ya iso wani wuri kusa da tayar baya sai sautin ya canza, ya danna da sukundireba, tsatsa ta zubo. Bai yi faɗa ba, bai nemi na goro ba. Ya rubuta a takarda ya ce in gyara in dawo cikin wata ɗaya. Sai an ci wannan jarrabawa ake manna ɗan tambari mai launi a lambar baya. Tsatsar nan ita ce babbar cutar Golf 3 a ƙasarta, domin gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Ku ba ku da wannan matsala. Rana da ƙura sun ci fenti da robobi, amma ƙarfen da ya zauna a busasshiyar ƙasa irin tamu ya fi na nan lafiya. Ka dai sa a leƙa ƙarƙashinta, a ɗaga kafet, a ga ko ruwan ambaliya ya kwanta a ciki.

Abin zai ba ka mamaki, motar da ake yi wa farashin kilo a ƙauyenmu, a nan ta shiga sahun motocin tarihi. Tun 1997 suke da doka cewa motar da ta cika shekara 30 kuma aka riƙe ta da kamanninta na asali ana ba ta lamba mai harafin H a ƙarshe. An fara Golf 3 a 1991, mai dogon baya irin tamu ta fito a 1993, ka ga sun kai. Har yanzu ana ƙera kayanta, kuma ba su da tsada.

To a nan maganar kaya take, kuma ita ce ta fi damuna. A nan in ka je sayen kayan mota ba a tambayarka sunanta kawai, lambar da ke takardarta ake nema. A buga a kwamfuta, a fito da abin da ya dace da injinka. In ta intanet ka saya kana da kwana 14 ka mayar ko ba dalili, sabon abu kuma doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakinsa na shekara biyu. Batir ma sai ka ajiye Yuro 7.50 in ba ka kawo tsohon ba, kuma wanda ya sayar maka da baƙin mai dole ya karɓi wanda ka juye. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano akwai komai, har abin da ni zan sha wahalar samu a nan, kuma akwai 'yan kasuwa masu amana. Amma mutumin ƙauye da ya shigo Kano da tsohon abu a leda yana gwadawa da ido, ba shi da hanyar rarrabe na gaske da jabu, kwalin iri ɗaya ne. Ya koma gida a ɗaura, bayan sati biyu ya mutu, sai a ce makanike bai iya ba. Sau da yawa hannun ba shi da laifi. Don haka ga yadda za mu raba aikin: manyan kaya na ƙarfe, irin su shokozoba da ƙafa da salansa, ka nemi na Beljiyam a Kano tare da makaniken da ka yarda da shi. Ƙananan da ba a gane lafiyarsu da ido, ni zan aiko.

Na farko a cikinsu tamostat. Na san an cire na motar nan tun ranar da ta shigo, an kuma haɗa fanka kai tsaye, domin haka ake yi wa kowace 'yar Kwatano, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana cin kuɗin mutane. An ƙera injin ne ya yi aiki allurar zafi tana kan digiri 90. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama, sannan ta buɗe. In babu shi, da safiyar hunturu za ka taso daga gida har ka wuce Gujungu injin bai yi zafi ba, na'urar da ke auna zafi tana gaya wa kwamfutar motar a ƙara mai, ita kuma tana ƙarawa. Fulogi ya yi baƙi, fetur ya sauka cikin baƙin mai ya tsinka shi, ringi ya ci. Da can da mai ke da araha ba a ji ba, amma tun da aka cire tallafi a 2023 kowace lita ana jin ta a jiki. Abin da ke sa mota zafi a wajenmu lagireto ne da ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya, ko murfin da ba ya riƙe iska, ko makunnin fanka da ya mutu. A wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, a mayar da fanka kan makunninta. Makanike zai yi maka gardama, ka lallashe shi da girmamawa, amma kada ka janye. Haka in ya ce a cire injekta a mayar da ita kafireto, ka ce a'a, a fara nemo abin da ya lalace.

Ina roƙonka, kada wani ya kawo batir ya ce bari a gwada a ji ko za ta tashi, kuma kada yara su tura ta. Fetur ɗin da ya shekara a tanki ya zama danƙo, in famfo ya ja shi ya toshe komai. A sauke shi tas, a wanke tanki, a canza matatar mai. A zare sandar gwajin baƙin mai a duba, in ya yi fari kamar koko to ruwa ya shiga, a tsaya a buɗe. In baƙi ne kawai, a juye a sa sabo da sabuwar matata. A cire fulogi huɗun, a ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi ya kwana, washegari a juya injin da sifana a hannu. In ya zagaya ba tare da ya cije ba, rabin damuwata ta tafi. Tayimin bel a canza shi ko da ya yi kyau a ido, roba ce, zama yana kashe ta kamar yadda tafiya ke yi. A buɗe akwatin iska, na tabbata ɓeraye sun tara ɓawon gyaɗa a ciki, kuma su ne za su ci wayoyi, a nan rewaya zai nuna gwanintarsa.

Sai bayan wannan a sa batir. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne ta baya, ya kamata ka ji famfon mai ya yi ɗan gurnani ya tsaya. In shiru, kada a yi saurin sayen famfo. A duba fis, a duba rile, wato makunnin famfon mai, mai lamba 167 a akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari, a goge wayoyin da ke ɗaure a jikin bodi, yawancin ciwon wutar tsohuwar mota daga nan yake. In mai yana zuwa amma babu wuta a fulogi, a koma kan koyil da na'urar cikin distiributa.

Ko ta tashi, ba ta hau titi ba sai an gama da birki. Man birki yana shan danshi, shi ya sa a nan duk shekara biyu ake canza shi, a wajenmu kuwa sai dai a yi ta ƙari. A zubar da tsohon duka, a duba tiyoyin roba ko sun tsattsage, a buɗe gangunan baya domin sukan kame in mota ta daɗe a tsaye. Tayoyi kuma akwai lamba huɗu a gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Tayar da ta kai shekara goma, ko zanenta bai cinye ba, ba zan so ta ɗauki Inna zuwa asibiti a zafin bazara ba. In za ka sayi na hannu ka karanta wannan lamba kafin ka yi ciniki.

Ka ɗaga shimfiɗar but, kusa da mazaunin safaya akwai wata farar takarda manne, a jikinta aka rubuta lambar bodi da harufan injin. Ka ɗauko mini hotonta da rana yadda rubutun zai fito, da hoton injin ta sama. Da su zan sayi tamostat da makunnin fanka da tayimin bel da na'urar zafi da rile, akwai ɗan Haɗeja da zai taho gida kafin Sallah, zai sauke maka a Kano. Ka kuma tambayi Inna inda Baba ya ajiye takardun kwastan, a sabunta na hanya kafin ta fara zuwa kasuwar Lahadi. Kuɗin aikin makanike da na rewaya ka yi ciniki da su a gaban Kawu, ka faɗa mini, zan turo. Wassalam.