Hattara da masu sayar da SSD na jabu a Yamai

Jama'a, musamman ɗalibai da masu shagunan buga takardu a Yamai, a yi hattara da masu tallar SSD, wato diskin ajiyar kaya na kwamfuta, a Facebook da WhatsApp, tera 1 ko tera 2 a farashin da bai kai na giga 256 mai kyau ba, har da cewa "kawo in sa maka kyauta". Damfarar tasu hawa biyu ce.

Hawa na farko: mai sayarwar yana ɗaura diskin, ka kunna, sai baƙin allo ya rubuto "No bootable device" ko "Reboot and select proper boot device". Nan take zai girgiza kai ya ce kart-mer, wato babban faranti na cikin kwamfutar, ta ƙone, ko ka biya kuɗin gyara, ko ka sayar masa da kwamfutar a matsayin matacciya. Ƙarya ce tsagwaronta. Wannan rubutun daga kart-mer ɗin yake fitowa, da ranta, cewa take yi ba ta ga Windows ba. Sabon diski fanko yake zuwa, sai an sa masa Windows da kile na USB, ko an kwafo na tsohon diskin.

Kafin ka yarda da maganar kowa, shiga BIOS, wato shafin saitin kart-mer da ake buɗewa kafin Windows ya tashi: F2 a yawancin Dell, Acer da Lenovo, F10 a HP, kana dannawa da zarar ka kunna. Duba ko sunan diskin ya fito. In bai fito ba, kashe, cire caja, zare shi ka sake zaunar da shi sosai. In siririn nan ne, M.2, ka sani iri biyu ne: SATA mai tsaga biyu a baki, da NVMe wanda galibi tsaga ɗaya gare shi. Wani ramin zai karɓi diskin ya zauna daram, amma kwamfutar ba za ta gan shi ba don ba irinsa take karantawa ba.

In sunan ya fito, mai da shi na farko a jerin tashi. In kwafo Windows aka yi, diski mai tsarin MBR da zaɓin Legacy na BIOS yake tashi, mai tsarin GPT kuma da zaɓin UEFI. In aka haɗa su a juye ba za ta tashi ba. Shuɗin allo mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE kuwa sau da yawa daga sauya zaɓin AHCI da RAID a BIOS ne, a mai da shi yadda yake a da. Gwajin da ke yanke gardama shi ne a mayar da tsohon diskin. In ta tashi, lafiyarta lau. Shi ya sa suke ƙoƙarin riƙe shi da sunan "ya riga ya mutu". Kada ka bar musu, hotunan iyalinka da takardunka duk suna ciki.

Hawa na biyu ya fi ciwo, don sai an kwana biyu yake bayyana. An taɓa ƙwaƙwalwar diskin ne yana nuna tera 1, alhali abin da ke ciki bai wuce giga 64 ko 128 ba. Windows zai shiga lafiya, ka yi murna. Ranar da kayanka suka wuce ainihin girmansa, sabo ya riƙa hawa kan tsoho ko ya ɓace: takarda ta ƙi buɗuwa, bidiyo ya tsaya a tsakiya, daga baya Windows ya riƙa zagaye a gyaran kansa. Abin da ya ɓace ta haka ba mai dawo da shi, ko da kuwa kundin kammala karatu ne.

Ganin giga 931 a Windows, abin da diskin tera 1 na gaske ke nunawa, ba shaida ba ce, na jabun ma haka yake nunawa. H2testw ke tona asiri: manhaja ce ta kyauta, tana cika diskin kaf sannan ta karanto, ta faɗi iya inda yake riƙe kaya. Tana cin sa'o'i, sai a sa caja a bar ta. CrystalDiskInfo kuma na nuna sa'o'in da diskin ya yi aiki. "Sabo" mai sa'a dubbai kwance ne aka sake wa kwali. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar da ke jikin diskin, da sharaɗin mayarwa in gwajin ya faɗi. Mai kayan da ya ƙi wannan sharaɗin, ɗauki kwamfutarka da tsohon diskinka ka tafi.