Durom ko tiyo: da wanne ya fi dacewa a wanke cikin injin jirgin ruwa?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na wajen Dakace ya ce ya sayi injin jirgin ruwa Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15, na hannu, daga Legas, yana tsallakar da mutane da kayan gona da shi a kogin Galma. Tambayarsa kashi biyu ce. Tunda ruwanmu ba na gishiri ba ne, sai an wanke cikin injin? In kuma sai an wanke, a tsoma shi a durom ne ko a sayi kunnuwan robar nan da ake haɗawa da tiyo?

Malam, sai an wanke. Wannan injin ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan kogin da yake kai shi yake zuƙa ta ƙananan ramukan da ke ƙafarsa, wata 'yar farfelar roba da ke cikin famfon injin ta tura shi sama ya zaga jikin silinda, ya fita ta salansa. Duk abin da ke cikin ruwan yana bi tare da shi. Kowa ya san yadda Galma take yin ja da damina: laka, yashi, ciyayi, har da leda. Yashi yana cin robar famfo, laka kuma tana kwanciya a hanyoyin ruwa ta bushe. Naka ma ya taho da nasa tarihin, domin injin da ya yi aiki a ruwan Legas da wuya a rasa gishiri maƙale a cikinsa.

Kunnuwan roba faifai biyu ne a kan lanƙwasasshen ƙarfe. Ana matse su a kan ramukan shan ruwan, a jona tiyo, a buɗe famfo, sannan a tayar da inji. Babban amfaninsu shi ne kowane ɗigo da ya shiga sabo ne, kuma dattin da ya fito ya tafi ke nan. A durom kuwa ruwa ɗaya ne ke zagayawa. Lakar da ta fito tana komawa ciki, ga baƙin man da inji irin naka yake fitarwa ta tsakiyar farfela yana taruwa a sama. Idan tsabtar wankin kaɗai za a duba, tiyo ya yi gaba.

Sai dai tiyo yana da sharaɗi, kuma a Zariya sharaɗin ne matsalar. Yana son ruwa mai ƙarfi wanda ba ya yankewa. Famfon injin ba ya zuƙo ruwa da kyau ta cikin kunnuwan, sai an tura masa. Gidajenmu da yawa ruwan tanki ne da ke bisa ƙarfe, yana saukowa a hankali, wasu kuma sai 'yan garuwa. Ruwa ya ragu ko kunnen ya zame saboda girgiza, robar ta fara juyawa a bushe, kuma cikin daƙiƙu kaɗan take ƙonewa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba lallai ka gani nan take ba. Sai ka kai tsakiyar kogi da mata da yara da buhunan masara inji ya ɗauki zafi ya tsaya. Wannan haɗarin babu shi a durom muddin ruwan ya kai, domin famfon a nutse yake kamar yadda yake a kogi.

Ta fuskar yawan ruwa ma durom ya fi sauƙin lissafi. Durom mai lita 200 jarka 8 ce ta lita 25, kuma ba sai ya cika fal ba. Tiyo a buɗe na minti 10 zuwa 15 yana iya cinye kwatankwacin haka, duk ya malale a tsakar gida.

Nauyi shi ne wurin da kunnuwan roba suke rama nasu. Naka bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya mai ƙarfi zai ɗora shi a kan katako ya zura ƙafarsa cikin durom. Mai ƙarfin doki 40 ya haura kilo 70, ɗaga shi kullum wahala ce, manya kuwa ba a ma maganarsu. Masu irin waɗannan, in suna da bohol mai ƙarfi, tiyo ya fi musu. Akwai kuma sababbin injuna da ake yi musu wurin jona tiyo a jikinsu, waɗanda ake wankewa a kashe. Kada wani ya ga haka ya ɗauka duk ɗaya ne. A duba littafin injin.

Don haka shawarata gare ka durom ne, amma a yi shi daidai. Ka samu na roba ka yanke samansa. Ka kafa katako mai ƙarfi ka ɗaure injin a tsaye, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasan durom. Ruwa ya rufe faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela, ya ɗara shi da kamar santimita 10, saboda famfon yana sama da wannan ƙarfen kaɗan. Giya a furi, kuma cire farfela ya fi kwanciyar hankali idan da yara a kusa. A fili za ka yi, ban da cikin zaure ko gareji, domin hayaƙin yana kisa. Ka tayar, ka bar shi a silo, kada ka ba shi wuta.

Idonka ya kasance a kan siririn ruwan nan da ke tsartowa ta gefen inji. In bai fito ba cikin ɗan lokaci kaɗan, kashe. Wani lokaci ba famfon ne ya lalace ba, zanzaro ne ya toshe ramin da laka yayin da injin ke ajiye. Zaren fatsa mai kauri yana buɗe shi. Ka ba shi minti 10 zuwa 15. Dalilin daɗewar shi ne tamostat, ɗan abin da ke tare hanyar ruwa a cikin inji, wanda ba ya buɗewa sai inji ya ɗumama, kuma kafin ya buɗe ruwa ba ya ratsa ko'ina sosai. Domin gyara raunin durom, idan ruwan ya yi ja ko ya yi ɗumi, kashe injin, zubar, zuba sabo, ka sake. Ruwan da ka zubar akwai mai a ciki, kada dabbobi su sha, kada kuma ya koma kogi ko lambu.

Wanda ya zaɓi tiyo ya riƙe tsarin: ruwa ake fara buɗewa kafin a tayar, inji ake fara kashewa kafin a rufe ruwa, kuma ba a matsawa daga wurin.

Game da gishirin Legas, gaskiya wanki ba ya cire wanda ya riga ya daskare. Ka kai wa makanike ya buɗe murfin tamostat ya duba, ya kuma sa sabuwar robar famfo tunda ba ka san shekarun ta ciki ba. Ya duba ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurawa a ƙafar inji don ya ci tsatsa a madadinta. In ya cinye rabi a canza shi. Da damina ka riƙa wankewa duk ranar da ka bi ta wuri mara zurfi ka tayar da yashi, sannan ka yi wanki mai kyau kafin ajiyar rani. Bayan kowane wanki ka bar injin a tsaye ruwan ciki ya tsiyaye kafin ka kwantar da shi.