Ganin likita ta waya: inda yake biyan buƙata da inda yake gazawa

Tun bayan annobar korona a 2020 manhajojin ganin likita ta waya suka yawaita, kuma kusan duk tafiyarsu ɗaya ce. Za ka yi rajista, ka rubuta abin da ke damunka, ka zaɓi kira ko bidiyo ko saƙon rubutu, a haɗa ka da likitan da ke kan aiki a lokacin. Bayan an gama magana a turo maka takardar magani ko ta gwaji a wayarka. Irin wannan tsari ne muke dubawa a nan, ba wanda likitan da ya daɗe yana duba ka yake kiran ka ba.

Dalilin da ya sa tsarin ya samu karɓuwa a fili yake. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2023 ya nuna cewa a 2021 kimanin mutum biliyan 4.5 ba sa samun cikakkiyar kulawar lafiya ta yau da kullum. Nisa, layi, da asarar yini guda na aiki suna sa mutum ya yi ta ɗaga zuwa asibiti har ciwo ya ci jiki. Waya ta rage wannan. Sai dai ita kanta hukumar, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, cewa ta yi tsarin ƙari ne a kan zuwa asibiti, ba madadinsa ba.

Inda ya fi yin kyau shi ne bibiyar ciwon da an riga an san shi. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, wanda ke son a yi masa bayanin sakamakon gwaji, wanda maganinsa ya ƙare yana son a sabunta, da mai damuwar ƙwaƙwalwa da ke jin nauyin zama a layi. A nan aikin likita yawancinsa sauraro ne da karanta lambobi, kuma waya ta isa.

Amma lambobin daga hannunka za su fito, kuma nan ne ingancin ganin yake tashi ko ya faɗi. Likitan ba shi da hannu a jikinka. Abin da ka auna ka faɗa masa, da shi zai yanke hukunci. Ɗauki hawan jini. A zauna minti 5 tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, a ɗaura madaurin na'urar awon jini a kan damtse tsirara daidai da tsayin zuciya, ba magana. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, a rubuta na kwana bakwai. Madaurin da ya yi wa damtse kaɗan yana ba da lamba sama da gaskiya, kuma da irin wannan kuskure ake ƙara wa mutum maganin da bai buƙata, ya tashi tsaye jiri ya kwashe shi. A gida, 135/85 ne iyakar da ake fara cewa jini ya hau, ba 140/90 na asibiti ba. Manhaja mai kyau tana tambayar yadda aka auna. Da yawa lambar kawai suke karɓa.

Ga yaro mai tari kuwa, abin da ya fi kowace na'ura amfani shi ne ƙirga numfashi. A ɗaga rigarsa yana kwance cikin natsuwa, a sa ido a kan ƙirji, a ƙirga na cikakken minti ɗaya da agogo. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Idan ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, magana ta ƙare, sai asibiti. Likitan da ya ce a matso da kyamara ya ga ƙirjin yaron ya san aikinsa. Wanda bai tambaya ba ya rubuta maganin tari, a yi hattara da shi.

Akwai kuma 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin. Tana taimakawa, amma tana da aibin da ba a cika faɗa ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 ya gano ta fi ɓoye ƙarancin oksijin ga masu baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. Yatsa mai sanyi da jan farce su ma suna rikita ta. Don haka mutum yana haki, ba ya iya ƙarasa jimla, na'ura ta nuna lamba mai kyau, a yarda da hakin.

Babban raunin tsarin shi ne saurin rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, wato antibayotik. Likitan da ba zai iya leƙa kunne ba, ba zai iya sa abin sauraro a ƙirji ba, sai ya rufe ƙofa da magani don kada a ce ya bar wani abu. Ga shi kuma bayan kira ana tambayar majiyyaci ya ba likita maki, kuma wanda ya tashi hannu rabbana ba ya yawan ba da maki mai kyau. Binciken da aka buga a Amurka a 2019 kan yara masu mura da ciwon maƙogwaro da makamantansu ya nuna an rubuta irin wannan magani ga kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka gani ta waya, alhali a wajen likitansu na yau da kullum kashi 31 ne. Yawancin mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, maganin ba ya taɓa ta, sai dai ya jawo gudawa ya kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Haka zazzaɓi a inda ake da maleriya: tun 2010 ƙa'ida ita ce a yi gwaji kafin magani, kuma gwajin yatsa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Manhajar da ke rubuta magani ba gwaji ta gaza.

Rauni na biyu, yau wannan likita, gobe wancan. Idan manhajar ba ta ajiye tarihinka yadda na gaba zai gani ba, kowane kira daga farko za a faro, kuma a nan ake haɗa magungunan da ba sa jituwa. Kafin kira a jera duk kwalayen magani a gaba, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari, a karanto sunan da adadin miligiram daga jikin kwalin. A faɗi maganin da jiki ba ya karɓa, a faɗi idan akwai juna biyu ko ana shayarwa. Hoton ƙuraje a ɗauke shi da hasken rana, ɗaya daga nesa ɗaya daga kusa, a ajiye abin awo a gefe don a gane girmansu.

Wasu abubuwan ko kaɗan ba na waya ba ne. Ciwon ƙirji mai danna mutum da zufa, karkacewar baki ko mutuwar hannu ko sarƙewar harshe farat ɗaya, jijjiga, zubar jini ga mai ciki, ciwon ciki mai tsanani da ke tsayawa wuri guda, jaririn da bai kai wata 3 ba da zafin jikinsa ya kai digiri 38. Shanyewar ɓarin jiki musamman ba ta jira: allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yin ta, kuma rabin awa a jiran likita ya shigo layi asara ce da ba ta dawowa.

Kafin a yi rajista a duba ko manhajar tana nuna cikakken sunan likita da lambar lasisinsa, ko tana ba da rubutaccen bayanin abin da aka tattauna, ko tana da hanyar tura mutum asibiti da takarda, da kuma ko ta faɗi wanda ke iya ganin bayananka. Wadda ta buɗe da tambayoyin alamomin haɗari kafin ta kai ka shafin biya ta fi wadda ta fara da neman katin banki.