Faifan Blu-ray na Straight Outta Compton: ya ci kuɗinsa, amma da saura

Na sayi faifan nan ne saboda ƙarin da ke ciki, fim ɗin kam, wanda ke ba da tarihin ƙungiyar mawaƙan rap ta Amurka N.W.A, na riga na gani tun 2015. Akwai zubi biyu: na sinima mai minti 147, da na darakta F. Gary Gray mai minti 167. Ƙarin minti ashirin ɗin nan bai burge ni ba.

Abin da ya biya ni kuɗina shi ne labarin yadda aka haɗa fim ɗin. O'Shea Jackson Jr., wanda ya fito a matsayin Ice Cube, ɗaya daga cikin mawaƙan ƙungiyar, ɗansa ne na cikinsa, amma duk da haka sai da ya yi kusan shekara biyu yana koyon wasa da zuwa gwaji kafin a ba shi. Ku dubi yadda yake murtuke fuska, kai ka ce uban ne ya yi kaki ya tofar. Haka kuma 'yan wasan sun shiga situdiyo sun sake rera waƙoƙin kundin N.W.A da bakinsu don su saba da juna, shi ya sa a kan dandamali ba ka ganin alamar kame-kame.

Sauti kuwa, idan kana da sifika mai kyau, har gilashin taga sai ya yi rawa.

Inda na ji haushi: Dr. Dre, shi ma ɗan ƙungiyar, da Ice Cube na cikin furodusoshi, kuma dukan da Dre ya yi wa 'yar jarida Dee Barnes a 1991 ba ya cikin fim ɗin. An share shi tas. Sannan bakin 'yan wasan ba linzami, kada a kunna a gaban yara.