Kafin ka zaɓi hanyar kwafo bayanai daga API zuwa rumbunka

Ƙungiyoyin da suke aiki a ƙauyukan Maradi sukan tattara bayanan manoma ta KoboToolbox, manhajar cike fom a waya, bayanan kuma su zauna a kan saba, wato kwamfutar ajiya ta intanet, wadda ba tasu ba. Mai son riƙe kwafi a hannunsa sai ya jawo su ta API, wato ƙofar da wata manhaja take bi ta nemi bayanai daga saba, inda suke zuwa shafi-shafi a tsarin rubutun bayanai da ake kira JSON, sannan ya zuba su cikin tebura masu alaƙa da juna. Ni tambaya ɗaya nake yi wa kowace hanya: me zai faru idan aka ɗauke wuta, ko intanet ta yanke, ana tsakiyar aiki?

Ga ƙaramin ofis, na fi amincewa da ɗan shirin kwamfuta da aka rubuta da yaren Python haɗe da SQLite, ƙaramar manhajar rumbun bayanai, domin ba a biyan ko dala, kuma rumbun gaba ɗaya fayil guda ne da za ka kwafe a USB ka sa a aljihu. Sai dai ingancinsa yana hannun wanda ya rubuta shi. Na taɓa ganin ofishin da shirinsu yake share tsohon tebur kafin ya jawo sabo. Ranar da wuta ta tafi ana cikin jawowa, suka wayi gari da rabin sunayen manoma. Saboda haka ka sa wa mai rubutawa sharaɗi: kowane layi ya shiga da lambar shaidarsa ta asali don kada ya maimaitu, shirin ya ci gaba daga shafin da ya tsaya, ya dakata idan saba ta amsa da lamba 429, wato an yawaita buƙata, kuma ya adana JSON ɗin yadda ya zo.

Idan mutane da yawa ne za su riƙa karantawa da rubutawa lokaci guda, babban rumbun bayanai na PostgreSQL ya fi dacewa. Ana iya haɗa shi da Airbyte, shirin da yake kwaso bayanai ya zuba a rumbu, wanda ake girkawa kyauta, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi da ba a kashewa, wato sai da batura ko sola.

Fivetran kuwa, kamfanin da yake yi maka aikin kwasowar ta intanet, yana ɗauke maka wahala, amma yana lissafin kuɗi da dalar Amurka bisa yawan layukan da suka shigo ko suka canza a wata, abin da zai yi wa mai kasafin sefa nauyi.

Kowace ka ɗauka, kada ka biya mai aikin sai ya buɗe kwafin a wata kwamfuta a gabanka, kun ƙirga layuka sun yi daidai da na saba.