Gyaran Soron Kakanmu: Abin Da Na Gani A Hannun Injiniya Da Tsohon Magini

Daminar bara ce ta tsaga bangon soron gidan kakanmu da ke cikin badala, can wajen Dala. Tsagar ta faro daga gindi ta haura har kusa da azara, yatsa na shiga ciki. Da laifinmu a ciki, domin shekara biyar da suka wuce mun sa wani birkila ya shafe soron da siminti, muna murna mun huta da yaɓe. Sai ga simintin yana ɓallowa, ƙasar da ke bayansa ta jiƙe sharkaf.

Wani maƙwabcin rumfata a Kantin Kwari ne ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani mai gyaran tsofaffin gine-gine. Mutum biyu ke riƙe da shi, matashin injiniya da wani dattijon magini da ya gaji sana'ar.

Ranar farko ko bangon ba su taɓa ba. Injiniyan ya ce sai ran da aka yi ruwa zai dawo, ni kuwa na ɗauka jan rai ne. Ana tsuga ruwa ranar wata Talata sai ga shi da lema, ya naɗe ƙafar wando ya tsaya a lungu. Ya kira ni ya nuna mini: tun da aka zuba wa lungun kankare, waje ya fi gindin soron tudu, ga indararonmu ya karye, ruwan rufi yana bin jikin bango. Ya ce, "Alhaji, ruwan nan ya rasa mafita. In ba mu ba shi hanya ba, duk abin da muka gina zai ci shi."

Shi ya fahimtar da ni abin da simintin ya yi mana. Ya ce simintin da muke amfani da shi, wani birkila ne a Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistarsa a 1824, kuma a kan dutse da bulo da ƙarfe ba shi da na biyu. Amma bangon ƙasa yana shan danshi, ya kumbura, ya bushe ya koma. Siminti ba ya motsawa tare da shi, sai ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita. Baba magini yana gefe yana jin mu, ya ce, "Ɗana, ƙasa numfashi take yi, kun toshe mata hanci."

Hirar mutanen nan biyu kaɗai ta isa a biya kuɗi. Baba ya ce kududdufan cikin gari daga cikinsu aka haƙo ƙasar da aka gina unguwanni, su kuma suke shanye ruwan sama. Yanzu an cike da yawansu an yi gini a kai, dole ruwa ya shigo lunguna. Injiniyan ya ce a wurinsa tarihin sana'arsa a Kano daga ganuwa ya faro, wadda Sarki Gijimasu ya soma a zamaninsa, 1095 zuwa 1134, Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Wanda ya auna faɗin gindinta, ya tsara inda ƙofofi za su zauna, ya tara dubban mutane kan aiki guda, ai aikin injiniya ya yi. Maganar ta taɓa ni, don kullum ina wuce abin da ya rage na badalar nan, zuciyata na ƙuna da yadda ake cinye ta.

Sai aikin kansa. Na ga an kwaɓa ƙasa da busasshiyar ciyawa, an tattake ta da ƙafa, an bar ta kwanaki ta ruɓa, sannan aka mulmula tubali, gindi mai faɗi kai mai tsini. Baba yana zaune a kan bango, yaransa na jefo masa ɗaya ɗaya, yana cafewa ba ya ko kallo. Azara uku ya cire, ya ƙwanƙwasa sauran da ƙotar gatari yana saurare, ya ce lafiyarsu ƙalau, giginya ce, gara ba ta iya mata. Ya nuna mini dalilin bakan gizon da ke tsakiyar soron: azara ba ta kai wa nesa, shi ya sa magina suke ɗaure ta ɗaya kan ɗaya su lanƙwaso ta. Ya ambaci Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, cikin girmamawa kamar mai ambaton malaminsa. A ƙarshe ya shafe bangon da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa. Injiniyan kuma ya yi kwata ta kankare a gindi, ya sa sabon indararo mai tsawo. Nan ne kaɗai siminti ya shiga aikin.

Inda suka gaza ma zan faɗa. Sun ce mako huɗu, sai da muka yi tara. Leburorinsu sun jibge ƙasa a bakin lungu har kurar mai ruwa ta kasa wucewa, ni na bi maƙwabta ina ba da haƙuri. Kuɗin azara ya ƙaru, ba a gaya mini ba sai da aka sayo. Duk wanda zai ba su aiki, ya sa a rubuta komai tun farko. Amma in aka sake tambayata, su zan nuna.

Watan Agustan bana an yi ruwa kwana uku a jere. Na dafa bangon daga ciki, a bushe yake. Baba ya ce in neme shi kafin damina mai zuwa ya sake duba yaɓen rufi, na kuwa rubuta a bayan littafin rumfa.