Tanderu mai bututu ko mai akwati don hodar silikat mai haske?

Ɗan'uwa, mai bututu za ka saya. Ni mai akwati na fara ɗauka saboda araha da faɗin ciki, har yau ina cizon yatsa.

Maganar duk a kan iskar cikin tanderun take. Yurofiyam (Eu), sinadarin da ke sa hodar haske, wanda ake sayar mana a Eu2O3, a matsayin Eu3+ yake zuwa, wato mai caji uku. In ka gasa shi a iskar ɗaki, yawancinsa haka zai zauna, ya ba ka jan haske mai tsawon zango wajen nanomita 612. Shuɗin nan da aka san hodar silikat ta Sr2MgSi2O7 mai Eu da disforosiyam (Dy) da shi, wajen nanomita 470, wanda ke ci gaba da haskawa bayan an kashe fitila, na Eu2+ ne, mai caji biyu. Ba ka samunsa sai ka gasa cikin iskar da ke janye oksijin, kamar haidurojin kashi 5 gauraye da naitirojin kashi 95. Bututu ne ke riƙe wannan iskar da kyau, mai akwati na gama-gari ba ya riƙe ta.

Ba na manta ranar farko da nawa mai bututun. Hodar da na haɗa ta hanyar sol-gel (haɗa sinadarai a ruwa har su daskare su zama gel) da TEOS (sinadarin da ke ba da silika), wadda ta daɗe tana ba ni kunya, na gasa ta wajen digiri 1100 na Salsiyas iskar na ratsawa. Da ta huce na haska mata fitilar UV, na kashe wutar ɗaki, sai ga kaskon yana ta shuɗi shi kaɗai. Na daɗe a tsaye kamar ba ni na yi ba. Sai dai kada daɗi ya ja ka ka ƙara zafi ko lokaci: ƙwayoyin za su manne su girma, sunan nano, wato ƙanƙantar ƙwayoyin da ake nema, ya tashi a banza.

Mai akwati kuwa, yana ƙone dattin gel a gashin farko, shi ke nan. Dabarar binne kasko cikin gawayi don janye oksijin tana yi, amma yau haske, gobe dishi-dishi.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa. Wani zai rubuta digiri 1200 a jikin tanderu, alhali ƙololuwar zafin ce, ba wanda tanderun zai jure awanni ba. Wani ya haɗa ka da bututun kwaz (gilashin silika), wanda ba ya son daɗewa sama da 1100. Ka ce na alumina kake so. Hoda mai tambarin tsabtar kashi 99.99 ma kada ka karɓa sai da takardar gwaji, don ɗan ɓurɓushin ƙarfe ya isa ya dusashe hasken. Bakin fitar iskar kuma ka kai shi waje.